Yadda muka sauya wa gidan wani ɗan kasuwa gungumen gindin bango a tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Sandwich

Sukudireba ce ta fara faɗa mana gaskiyar gidan. Daga waje bangon ɗakin ƙasa lafiya lau yake, an shafe shi da siminti sumul, katakan da ke bayyane an bi su da baƙin fenti mai sheƙi. Da muka fasa simintin daidai faɗin tafin hannu a gindin ginshiƙin kusurwa, muka soka sukudireba, sai ta nutse har mariƙi ba tare da an danna ta ba. Abin da ya biyo ta waje kamar jiƙaƙƙen ganyen shayi yake, baƙi-baƙi, yana warin tsohuwar rijiya.

Gidan yana garin Sandwich ne, a yankin Kent da ke kudu maso gabashin Ingila. Wanda ya je garin yau zai yi mamaki idan aka ce masa tashar jiragen ruwa ce, don teku ta ja baya da kusan kilomita 3, sai kogin Stour kawai da ke bi ta gefensa. A zamaninsa kuwa yana cikin tasoshi 5 da ake kira Cinque Ports, shi da Dover da Hythe da Romney da Hastings, waɗanda ke ba sarki jirage shi kuma ya ɗauke musu wasu haraji. Ulu ke fita, giyar inabi ta Faransa ke shigowa. A 1457 Faransawa suka kawo hari har suka kashe magajin garin, shi ya sa har yau magajin Sandwich baƙar riga yake sawa a bukukuwa. Sannu a hankali laka ta cike mashigar ruwa, manyan jirage suka daina zuwa. Masaƙa 'yan gudun hijira daga Flanders, ta wajen Beljiyam ta yau, sun zo a 1561 sun ɗan farfaɗo da garin, amma bai koma yadda yake ba. A ganinmu wannan komabayan shi ya ceci gidajen, tunda ba a sami masu kuɗin da za su rushe su gina sabbi ba.

Tsarin gidan na 'yan kasuwar lokacin ne: fuska ƙarama a bakin titi, kamar mita 6, jiki kuma ya miƙa ciki. Kanti a gaba, babban ɗakin zama a tsakiya, ɗakin maigida a baya, ma'ajiyar kaya a ƙarƙashin ƙasa. Mai son ganin irin wannan tsari a buɗe ga jama'a sai ya je lamba 58 a titin French da ke Southampton, a kudancin Ingila, gidan da John Fortin, mai fataucin giyar Bordeaux ta Faransa, ya gina wajen 1290. Wancan gidan, bom ɗin da aka jefa a 1940 lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ne ya tona tsohon jikinsa, aka gyara shi a shekarun 1980, yanzu yana hannun English Heritage, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi a Ingila. Sai dai shi gefunansa dutse ne. Namu katako ne daga ƙasa har ƙololuwa.

Gini irin wannan ba bango ke ɗauke da shi ba. Ƙwarangwal ne na itacen ok, bangon kuwa cike gurbi ne kawai. Ok a wurinsu kamar kirya yake a wurinmu, zuciyarsa tauri gare ta, amma farin naman da ke ƙarƙashin ɓawo ba ya jure ƙwaro. A can ƙasa akwai ɗan dakali na dutsen ƙyastu da jan bulo. A kan dakalin wani gungume ke kwance, wanda za mu riƙa kira matashi, domin a kansa kowane ginshiƙi ya ɗora ƙafa. An fere ƙafar ginshiƙi ta zama harshe, an sassaƙa rami a jikin matashi, harshe ya shiga rami, an huda an buga ƙusar itace. Haka mahaɗai suke har sama. Kafintocin da can a fili suke haɗa kowane ɓangare tun itacen yana ɗanye, su tsaga masa lamba irin ta Rumawa, su kwance, su kawo wurin gini su tayar. Lambobin suna nan, kuma sun yi mana amfani: inda jeri ya tsallake daga IIII zuwa VI, mun san an cire ginshiƙi ɗaya a wurin. Benen ya turo goshi kan titi da kusan rabin mita, abin da ke ƙara faɗin ɗakin sama, ya kuma kare bangon ɗakin ƙasa daga ruwan sama.

Kafin a taɓa komai sai da muka yi makonni muna awo. Mun zana kowane bango, mun ba kowane katako lamba a takarda. Da na'urar auna danshi mai allura biyu muka bi matashi kowane rabin mita. Ƙa'idar ita ce fumfunar da ke cin katako ba ta samun wurin zama sai danshinsa ya haura kashi 20 cikin 100. Katakan bene suna tsakanin 13 da 15. Matashi kuwa ya wuce 28 a wurare da yawa. A kula, a gidan bakin teku gishiri yana shiga katako ya sa na'ura ta nuna fiye da abin da ke akwai, don haka ba a yanke hukunci da ita kaɗai. Mun haɗa da ƙwanƙwasa da guduma, don lafiyayyen ok amsawa yake da ƙarfi, ruɓaɓɓe kuma ya yi ɗum kamar an bugi ƙwarya. A manyan ginshiƙai mun kawo na'ura mai siririn tsinke, kaurinsa bai wuce milimita 3 ba, tana huda tana zana taurin da ta tarar. Ita ta nuna mana ginshiƙai biyu da fuskarsu ke da kyau amma cikinsu kogo ne.

Shekarun gidan kuma daga zobban itace aka samo su. Masu wannan aiki sukan zaro ɗan sanda mai kaurin yatsa daga katako, su auna faɗin kowane zobe, su gwada jerin da na itatuwan yankin da aka riga aka san shekarunsu. Suna son katako mai zobe 50 ko fiye. Idan gefen ɓawo yana nan, har shekarar da aka sare itacen suna iya faɗa, kuma tunda da ɗanye ake gini, shekarar sara kusan ita ce ta gini. Namu a ƙarni na 15 ya faɗa. Rufin ma ya ba da shaida: azarorin tsakiya baƙi ƙirin suke da hayaƙi, alamar a farko wuta ake hurawa a tsakar ɗaki hayaƙi ya tashi ya fita ta sama, daga baya aka gina bututu aka shimfiɗa bene. Wannan baƙin ba a goge shi. Mun gargaɗi kowane ma'aikaci kada ya kai masa buroshi.

Da aka tattara awo, sai ga musabbabin ruɓar a fili, kuma duk aikin hannun mutane ne. Titi ya yi ta hawa a tsawon ƙarnuka, kowane sabon shimfiɗi a kan tsoho, har matashin da ya kamata ya kasance sama da ƙasa ya koma daidai da ita. Wani mai gyara, a ƙarnin da ya wuce, ya shafe bangon da siminti, ya zuba kankare a ƙasan ɗakuna da leda a ƙarƙashi. Ga kuma bututun indararo da ya tsage ta baya yana tsiyaya a gindin ginshiƙin kusurwa. Katako yana motsi da rani da sanyi, siminti ba ya motsi, sai ya tsage siriri a inda suka haɗu. Ruwa ya shiga ta tsagar, ba shi da hanyar fita. Danshin ƙasa da kankare ya hana tashi ta tsakar ɗaki shi ma sai ya gudu gefe ya hau matashi. Duk maginin da ya taɓa ɓamɓare siminti daga bangon ƙasa a Kano ko Zariya ya tarar da ƙasar ta zama gari a baya ya san wannan ciwo. Garin neman gira aka rasa ido.

Gidan yana cikin rajistar gine-ginen tarihi, don haka duk aikin da zai taɓa siffarsa ta tarihi ba a yinsa sai da izini. A ƙarƙashin dokar gine-ginen tarihi ta 1990, aiki ba izini a irin wannan gida laifi ne da ke kai mutum kotu, mai gida da ma'aikaci duka. Mun miƙa zane, da hoton kowane katako, da bayanin inda za a yanke da dalilin yankewa, da lissafin injiniya. Wa'adin amsa mako 8 ne. Abin da ke sa takarda ta dawo galibi shi ne a rubuta "za a canza ruɓaɓɓun katakai" a dunƙule. Jami'in kula da gine-ginen tarihi so yake ya ga santimita nawa za a yanke daga ginshiƙi mai lamba kaza. Akwai kuma jemagu, waɗanda doka ta kare. Binciken fitarsu daga Mayu zuwa Satumba ake yinsa, wanda ya makara sai ya jira wata shekara kafin ya taɓa rufi. Akidar da muka bi ita ce ta ƙungiyar SPAB mai kare tsofaffin gine-gine, wadda William Morris ya kafa a 1877: a gyara abin da ya lalace, kada a nemi mayar da gida sabo.

Mun fara da ruwa, don banza ne a sa sabon katako inda tsohon ya ruɓe ba a kashe dalilin ba. Aka canza bututun indararo, aka fasa kankaren ɗakuna. Simintin bango da hannu muka cire shi, da ƙaramin cizal, yanki-yanki, domin injin fasa yana girgiza tsohon yaɓe ya zubo. Fentin katako da magani mai laushi muka ɗaga shi, ana shafawa a rufe a bari ya kwana sannan a kankare da katako. Ba a fesa wa tsohon ok yashi. Yana cinye fuskar, ya tafi da lambobin kafinta da sawun gizago, ya bar katako kamar soso. Tsohon fenti kuma yakan ƙunshi dalma, sai da takunkumi da safar hannu. Baƙin fentin nan ma ba na asali ba ne, yayin ƙarni na 19 ne. A da ok ɗin toka-toka ake barinsa, ko a shafe shi da farar ƙasa tare da bango.

Sai babban aiki, ɗauke wa matashi nauyin gida. Mun buɗe gurbi a bango a kowane gefen ginshiƙi, muka zura ƙarfen gicciye a ƙarƙashin katakon da ke riƙe da bene, ƙarfen ya fito ciki da waje, kowane bakinsa a kan dirkar ƙarfe mai zare. Ba a kafa dirka a ƙasa kai tsaye, sai an shimfiɗa mata kauraran katakai don nauyi ya bazu. A nan ne ma'ajiyar ƙarƙashin ƙasa ke zama tarko: dirkar ciki a kan rufin ma'ajiya take tsaye, idan ba a kafa wata daidai ƙarƙashinta har ƙasan ma'ajiyar ba, rufin ne zai ɓurma. Mun yi alama a kan ginshiƙai, muka kafa na'urar lebur mai haske, mutum ɗaya ba shi da aiki sai kallon alamar. Ba ɗaga gida ake so ba. Milimita 2 zuwa 3 sun isa, daidai yadda takarda za ta shige ƙarƙashin ƙafar ginshiƙi. Ana juya zare kwata-kwata, wannan dirka sannan waccan, ana saurare. Gidan yana magana, ƙas, ƙas. A ɓangare na biyu an zarce da juyi ɗaya a dirkar waje, nan take filastar ɗakin sama ta tsage daga kusurwar taga zuwa silin. Ba ta faɗo ba, amma gyaranta ya ci kwana 2. Daga nan muka koma juyi ɗaya, jira minti 10.

Ba a cire matashi gaba ɗaya. Ɓangare-ɓangare muka yi, kowanne bai wuce mita 3 ba, sai an gama an sauke nauyi a koma na gaba. Inda zuciyar tsohon ke da rai, mun bar shi. Daga mita 11 na bangon gefe, wajen mita 4 na asali ne har yanzu.

Batun wane irin ok za a sa, a nan ma'aikata ke sa-in-sa. Ok yana bushewa ne kamar inci 1 (santimita 2 da rabi) na kauri a shekara, saboda haka gungume mai santimita 20 busasshe har ciki da wuya a same shi. Ɗanye yana da sauƙin sassaƙa, amma irin wannan kauri zai iya motsewa da kusan santimita 1 a faɗi, alhali a tsawo kusan ba ya raguwa. Ka haɗa ɗanye da tsoho mai shekara 500, bayan shekara 2 za ka tarar da matakala a mahaɗa. Mun ɗauki tsakiya: matashi da wanda ya sha iska shekara 3, muka bar shi ya ɗara tsohon kauri da 'yan milimita. Ƙananan faci kuma da busasshe sosai, wanda danshinsa ya yi daidai da na tsohon, kuma jijiyarsa na bin inda ta tsohon ta bi. Farin nama duk an fere shi. Yanki mai mita 3 ya haura kilo 100, a kan bututun ƙarfe muka gangara da shi.

Mahaɗar sabon matashi da tsoho rabi-da-rabi ce: a rage rabin kaurin wannan ta sama, a rage rabin na wancan ta ƙasa, su kwanta a kan juna, kowane baki da ɗan harshe da ke shiga ɗan'uwansa don kada su murɗe. Tsawon haɗin ya kai ninki 3 na kaurin katako. Ba a sa shi daidai ƙarƙashin ginshiƙi. Tsohon katako ba shi da gefe madaidaici ko ɗaya, don haka ma'auni ba ya wadatarwa, sai an kwafi siffarsa a jikin sabon, a gwada, a shafa alli a ga inda ya taɓa, a rage, a sake gwadawa. Haɗi ɗaya yakan ci yini guda.

Ƙafafun ginshiƙai su ne masu wahala. Harsunansu sun ruɓe, kuma ko da suna nan, ba yadda za a yi a zura matashi daga gefe harshe ya faɗa rami, tunda gida ba ya ɗaguwa. Dabarar ita ce harshen aro. Ana yanke ƙafar har inda itace ke da rai, a tsaga mata kwari, a yi dogon rami a matashi, bayan matashi ya zauna a zura busasshen harshe daga gefe ya shige kwarin, a toshe ragowar ramin da guntun ok, a buga ƙusoshi. Inda ruɓa ta hau sama da yawa, sai a yi wa ginshiƙi sabuwar ƙafa, a yanke bakin haɗin a karkace yana gangarowa waje don ruwa ya zube maimakon ya shiga. Ƙusoshin itace faskara su ake yi daga busasshen ok, ba a yanka su da zarto, don jijiya ta tafi a miƙe, kaurinsu kamar milimita 20. Hudar harshe ana gusar da ita milimita 3 daga ta rami, ta yadda ƙusa na shiga tana jawo mahaɗa ta matse. Idan gusarwar ta yi yawa, ko ƙusa ta karye ko harshe ya dare. Inda injiniya ya ce sai da noti, mara tsatsa muka sa. Ok yana da wani ruwa mai cin baƙin ƙarfe, ko ƙarfen matse katako ka bari a jikinsa ya kwana cikin raɓa da safe za ka tarar da tabo shuɗi-baƙi. Hatta dalma yana ci, shi ya sa ba mu shimfiɗa ta a ƙarƙashin matashi ba.

Ta gefen lungu mun rage ƙasa har ta koma santimita 15 ƙasa da matashi, muka zuba tsakuwa. Ta fuskar titi ba dama, don gefen hanya na hukuma ne. A nan sai muka yi abin da magabata ma suka riƙa yi, tunda ƙafafun ginshiƙai dama an rage su: muka ƙara wa dakali layi 2 na bulo, matashi ya hau sama. An gina dakalin da farar ƙasa ta gini, irin mai kamawa ko da danshi, wadda ake rubuta NHL 3.5 a buhunta, awo 1 da awo 3 na yashi mai kaifi. Tazarar ƙarshe tsakanin bulo da matashi da fallayen dutse aka cusa ta tam, sannan aka bar ginin ya yi kwana 10 kafin a fara sassauta dirka, ita ma kwata-kwata.

Gurabun bango kala biyu muka tarar. Wasu an riga an cike su da bulo tun da daɗewa, nauyinsu ya yi wa ƙwarangwal yawa, amma sun zama tarihin gidan, mun gyara bakinsu muka bar su. Wasu kuma yaɓen asali ne. Wanda ya saki amma bai zube ba, ɗaure shi muka yi da siririyar waya mara tsatsa, muka jiƙa tsohuwar ƙasar da ta faɗo muka mayar. Waɗanda muka buɗe don dirka sai da aka sake saƙa su. Ana huda ramuka a ƙarƙashin katakon sama, a ja kwari a na ƙasa, a tanƙwara sandunan ok a tsaye su shige, tazarar kamar santimita 30, sannan a saƙa tsumagun hezil, wani itace mai rassa masu lanƙwasuwa, a gicciye kamar ana saƙa zana. Kwaɓin ƙasa ce mai yumɓu da yashi da yankakken ramno da ɗan kashin shanu, a tattake da ƙafa. Mutum biyu ke yaɓawa lokaci guda, ɗaya ciki ɗaya waje, don ƙasar ta haɗe ta cikin saƙa. Gurbinmu na farko ruwa ya yi masa yawa, yumɓun kuma ya fi ƙarfin yashi. Cikin mako guda ya dare kamar ƙasan tafki da rani, ya janye daga katako har yatsa na shiga. Muka ɓare shi. Gwajin da ya kamata mu fara yi shi ne a cura ƙwallaye da awo dabam-dabam a bar su su bushe, a ɗauki wanda bai tsage ba bai kuma marmashe ba. Kwaɓi mai kyau yana riƙe siffarsa a hannu, ba ya manne wa tafi. Bayan an yaɓa ana bin sa kullum ana danne ƙananan tsaga tun yana da taushi, a bar shi mako 4 ko fiye.

A kan yaɓe filastar farar ƙasa ke hawa, irin wadda aka jiƙa ta yi aƙalla wata 3 a ruwa, awo 1 da yashi awo 3, da gashin dabba a warwatse cikinta don ya riƙe ta. Kowane shafi bai wuce santimita 1 ba. A jiƙa bango kafin a shafa, a rataya jiƙaƙƙen buhu bayan an shafa, don idan rana ko iskar teku ta busar da ita da sauri, gari take zama. Ba a aikinta idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5, shi ya sa duk aikin farar ƙasa tsakanin Afrilu da Satumba muka tsara shi. Tana ƙona fata, a ido kuwa ba a magana, tabarau dole ne. Filastar daidai da fuskar katako take tsayawa, ba ta hawa kansa. Shafen ƙarshe tsararo ne kamar madara, sau 5, kwana ɗaya tsakani. Mai gida yakan tsorata da shafin farko don kamar ruwa aka shafa, sai ya bushe farin ke fitowa. Wanda ya yi shi da kauri don ya huta, ɓarewa zai yi.

Gara ba ta cikin damuwar Ingila, nasu abokin gabar wani ƙwaro ne, Xestobium rufovillosum, da ke ƙwanƙwasa kansa a jikin katako cikin dare lokacin neman mace. Hudarsa kamar milimita 3 ce, yana fitowa tsakanin Afrilu da Yuni, tsutsarsa kuma tana iya shekaru a ciki tana ci. Ganin huda ba ya nufin yana nan, wata hudar ta girmi kakan mai gidan. Mun manna siririyar takarda a kan wuraren da muke zargi kafin Afrilu, muka dawo a Yuli muka ƙirga sabbin huda. A gindin ginshiƙan da suka jiƙe kawai muka same su. Ba mu yi feshi ba. Magani ba ya kai wa tsakiyar gungume, sai dai ya kashe gizo-gizon da ke cin ƙwaron. Shi katakon da fumfuna ta riga ta tausasa yake bi, idan danshi ya sauka ƙasa da kashi 14 zuwa 15 sai ya yi ta raguwa da kansa.

Rufi bai ba mu wahala ba. Tayil ɗin yumɓu ne irin na Kent, kowanne rataye da 'yar ƙusa a kan siririn katako. Mun sauke gefe ɗaya, muka ƙwanƙwasa kowane tayil, mai amo ya koma, mai dushewar murya aka ajiye shi gefe. Ma'ajiyar ƙasa kuwa ba mu yi yunƙurin busar da ita ba, don a garin da ke bakin kogi mai hawa da sauka ba za ta taɓa bushewa ba. Mun buɗe tsofaffin ƙofofin iskarta da aka toshe, muka shafe ta da farar ƙasa.

Fuskar gidan ta karkata zuwa titi da kusan santimita 9 daga sama zuwa ƙasa, daɓen bene kuma idan ka ajiye ƙwallo gangarawa yake. Mai gidan ya so a miƙe su. Mun ƙi, domin katakan sun bushe ne a haka, mahaɗai sun zauna a haka, ja da ƙarfi harsuna zai karya. Abin da muka nema shi ne dalilin karkatar, kuma lambar nan da ta ɓace tsakanin IIII da VI ita ta nuna shi: an cire ginshiƙi da katakon tokare da ke kusa da shi lokacin da aka faɗaɗa tagar kanti. Ramukansu suna nan fanko. Ginshiƙin ba zai komu ba saboda taga, amma tokaren mun mayar da shi a ramukansa na asali, da harshen aro a baki ɗaya.

Bayan shekara guda muka koma da na'ura. Danshin matashi ya sauka zuwa 17 da 18, tsohon ɓangaren da ke kusurwa yana 20, za a ci gaba da duba shi duk wata 6. Sabon ok ya tsage siriri a tsawonsa, wannan ba aibi ba ne, ba a kuma cike shi da komai mai tauri. Ƙusoshi 6 sun ɗan saki, aka ƙara buga su. A bakin gurabun da muka sake, tazara ta buɗe tsakanin filasta da katako kamar kaurin tsinken ashana. Zaren rama muka cusa a ciki da bakin cizal, muka bi da farar ƙasa mai gashi, sannan aka ƙara shafe ɗaya a bangon da ke fuskantar iskar teku.